Jirgin kallon farin beyar a Svalbard: ya biya kuɗinsa, amma ku je da madubinku na hangen nesa

Na daɗe ina son in rubuta wannan tun dawowarmu. A watan Yuli muka shiga ƙaramin jirgin ruwa na wani kamfanin yawon buɗe ido daga Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, kuma gaskiya kuɗin Norwe ba wasa ba, aljihu ya ji a jikinsa.

Kwana biyu ba beyar ko ɗaya, sai duwatsu da ƙanƙara, ga rana ta ƙi faɗuwa kwata kwata don a lokacin ba dare a can, labulen ɗakin kuma siriri, barci sai a hankali. A rana ta uku jagoranmu ya ce kowa ya fito waje shiru, ashe mushen ƙaton kifin nan wel ne teku ta jefo gaɓa, warinsa ma ya riga shi isowa gare mu. Beyar biyu a kai, ɗaya ya cusa kai cikin haƙarƙari yana fizgo kitse, da ya ɗago fuskar nan da wuyan duk sun yi baƙi da maiƙo, ɗayan ya ƙoshi ya baje gefe yana barci. Can bayan dutse ga yanyawar ƙanƙara tana leƙe, beyar na juya baya ta zabura ta wafci tsoka ta arce, manyan tsuntsayen teku kuma na ta rigima a kan ragowa kamar ungulaye. Jagoran ya ce asalin abincin beyar wata dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira sil, wadda yake kamawa a kan ƙanƙarar teku, to da bazara ƙanƙarar ta narke farauta ta yi wuya, shi ya sa mushe ɗaya irin wannan zai riƙe su watanni. Wallahi tausayinsu ya kama ni, musamman ɗayan da ƙashin bayansa ya fito.

Inda kamfanin ya ɓata min rai kuwa, hotunan tallarsu kamar za ka miƙa hannu ka taɓa dabbar, alhali tun 1 ga Janairun 2025 doka ta ce mita 300 tsakaninka da beyar, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni ma mita 500 ne. Dokar ta yi daidai, ni ma ban so a takura musu ba, tun 1973 aka hana farautarsu a wurin. Amma ai sai ku faɗa wa mutane tun kafin su biya! Madubin hangen nesa ƙwaya uku kacal suka tanada mana duka, ana ta karɓa karɓa, wata dattijuwa kafin layi ya zo kanta yanyawar ta tafi, kyamarar waya kuma ɗigo fari kawai take nunawa.

Jagoran dai ba abin cewa, duk inda muka sauka shi ke fara taka ƙasa da bindiga a kafaɗa ya duba ko'ina kafin ya yafuto mu. Zan iya sake binsu, amma da madubina a wuya da ƙyallen rufe ido na barci.