Sharhi kan ɗakin gwajin da ya auna min shekarun dutsen Yakushima

Duk mai son a auna masa shekarun dutsen giranit, wannan ɗakin gwaji ya iya aiki, sai dai a tanadi haƙuri. Samfurina daga tsibirin Yakushima yake, a kudancin Japan, dutsen nan mai manyan ƙwayoyin ma'adinin felsfa. Na nemi a auna yuraniyom da dalmar da ke cikin zirkon, wasu ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ke cikin dutsen.

Abin da ya burge ni, ba su yi gaggawar harba leza, hasken da ake ƙona ƙwayar da shi don a auna ta, ba. Sai da suka niƙa dutsen, suka tsinto ƙwayoyin zirkon, suka goge su, suka ɗauki hoton cikin kowace ɗaya tukuna. A hoton za ka ga zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa. Zirkon na karɓar yuraniyom sa'ad da yake daskarewa, ya ƙi dalma, don haka dalmar da aka tarar a ciki daga baya ta taru. Rabin yuraniyom-238 na rikiɗewa ya zama dalma cikin shekara biliyan 4.47, da wannan ake lissafa shekarun. To amma wata ƙwayar kan zo da tsohuwar cibiya daga dutsen da ya narke tun farko, wanda ya harba tsakiyarta kakan dutsen ya auna. Su gefe suka bi.

Sakamakon ya faɗo wajen shekara miliyan 15, daidai da sauran giranit na wannan ɓangaren Japan. Adadin na da nauyi. A wuri irin Yakushima, kusa da ramin teku inda farantin ɓawon ƙasa ke nutsewa ƙarƙashin wani, zafin bai cika isa ya narkar da dutse ba. Amma a wancan zamanin, jim kaɗan bayan buɗewar Tekun Japan, ɓawon da ke nutsewa, na Kwarin Shikoku da ke ƙarƙashin teku a farantin Tekun Filifin, sabo ne da zafinsa. Yawancin masana nan suke ɗora dalilin narkewar.

Inda suka gaza shi ne rahoto. A zirkon mai ƙarancin shekaru irin wannan, nau'in dalmar da ake kira dalma-207 'yar mitsitsiya ce, lissafin da aka gina a kanta yakan yi lilo sosai. Haka suka jera shi a jadawali, ko uffan ba su ce ba. Ɗalibi sabon shiga zai ɗauka aikin ne ya lalace. Amsa saƙo ma sai an bi su an sake bi.

Ba sa auna iskar argon a bayotayit, wani ma'adinin da ke cikin dutsen, awon da zai nuna lokacin da dutsen ya huce zuwa wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius. Wannan sai na nemi wani wurin.