Injin 3018: hannunsa na da kyau, amma bai san an ɗauke wuta ba

Masu tambayata ko su sayi ƙaramin injin CNC ɗin nan mai sassaƙa da umarnin kwamfuta, wato 3018, ga amsarku a wuri ɗaya, na gaji da tura saƙon murya. Kuɗinsa kun sani, mai kawo shi daga Legas ma kun san shi, ba sai na kama suna ba. Ni a ɗakin zaure na ajiye nawa, nan Tudun Wada a Kaduna, inda nake ɗan taɓa aikin katako bayan na taso daga ofis.

Sunan nan 3018 girman wurin aikinsa ne, santimita 30 a tsawo, 18 a faɗi, bit ɗin kuma, wato ɗan ƙarfen da ke sassaƙar, hawa da saukarsa bai wuce milimita 45 ba. Haɗa shi ba wuya in kana da haƙuri da ƙananan noti. Wannan ke nan. Abin da ya kawo ni shi ne allon auren ɗiyar maƙwabcinmu.

Alhajin ne ya leƙo ya ga na sassaƙa sunan yarona a guntun katako, ya ce, "Malam, irin wannan za ka yi wa ƙanwarka, a kai mata ɗaki." Ɗaurin aure Asabar. Na samo maɗaci mai kyau, busasshe, jajir, na goge shi da samfefa har yana santsi. Na zana sunan ango a sama, na amarya a ƙasa, da zanen dagin Arewa a tsakani. Daren Alhamis bayan isha'i na ɗaure katakon, na kafa sifili, wato inda injin zai fara ƙirga awo, a kusurwar hagu, na tura aikin daga laftof ta manhajar Candle. Injin ya kama aiki. Dagin ya fito tsaf, layukan nan masu shiga juna ko ɗaya bai kauce ba, har na kira uwargida ta zo ta gani, ita da kullum ƙorafinta ƙara da ƙura.

Ya gama sunan ango, ya shiga na amarya, sai ɗif, aka ɗauke wuta.

To ga inda abin yake. Laftof na da batir, bai mutu ba. Allon da ke sarrafa injin kuma yana shan ɗan wuta ta wayar USB, shi ma bai mutu ba. Abin da ya mutu shi ne adaftar nan mai bolt 24 da ke ba motocin ƙarfi. Wato ƙwaƙwalwa na farke, hannu ya sandare. Ina laluben tocila a duhu, na hango fuskar laftof, lambobi na ta gudu abinsu, layi bayan layi na wucewa, injin kuwa na tsaye cak. Kafin in kai hannu kan linzamin kwamfuta, aka dawo da wuta. Irin ƙiftawar nan da muka saba. Moto ya tashi da kuka, bit ya nutse, ya ja wani rami a karkace daga tsakiyar sunan amarya, ya keta dagin, ya fita ta gefen sunan ango, sannan ya karye. Na tsaya ina kallo, ko salati na kasa yi sai daga baya.

Sai da na zauna na fahimci dalili. Motocin da ke tura injin nan, irin da ake ce wa sitefa, ba sa mayar da rahoto. Manhajar GRBL da ke cikin allon tana aika musu bugu ne kawai tana ƙirgawa, bugu 800 milimita ɗaya a irin nawa, ta ɗauka duk abin da ta aika an aikata. Ko moton ya motsa ko bai motsa ba, ba ta da labari. Ƙari a kan haka, nawa bai zo da makunnan iyaka ba, waɗanda injin ke taɓawa ya gane inda gidansa yake. Saboda haka da zarar sifili ya ɓace, ya ɓace ke nan, sai dai ka nemo shi da ido, ido kuwa ba ya auna rabin milimita a kan harafi.

Da safe na rubuta wa mai sayarwa, na haɗa masa hoto. Amsarsa: "Oga, wannan matsalar wuta ce, ba ta inji ba." Na ce na ji, amma kai da kake sayar wa mutanen Najeriya, ba ka ga ya dace ka faɗa ba? Ya turo min hannu biyu na addu'a, ya yi shiru. Wallahi a wannan safiyar da wani ya zo da rabin kuɗin da na biya, da ya tafi da shi har da kwalinsa.

Allon dai an kai shi. Na juya bayan katakon, na aro ƙaramin UPS na kwamfuta wajen wani ƙanina, na jona adaftar a ciki. Ashe injin ba ya cin wuta, adaftar amfiya 5 ce, wato abin bai wuce wat 120 ba, ko ƙaramin inbata na sola zai ja shi. Na sassaƙa, na shafa banish, ramin nan yana baya yana kallon bango. Alhaji ya karɓa yana ta sa albarka, na ce amin.

Daga nan zuciyata ta fara sauka. Na sayo makunnan iyaka masu arha, wani yaro a kasuwar Panteka ya lanƙwasa min 'yan ƙarafan da zan ɗaure su, na kunna saitin komawa gida da ake ce wa $22 a cikin GRBL, yanzu ko me ya faru, in na ba shi umarni, injin na komawa gida da kansa, in dawo kan sifilina daidai. Gaskiya a kan katako da roba mai gilashi ba ni da abin cewa. Ƙananan haruffa, har na ajami masu ɗigo da wasali, yana fitar da su fes, aikin da hannuna da kurfi ba zai taɓa yi ba. Wani ɗalibin Kaduna Polytechnic ya zo ya kankare allon da'irar lantarki na aikin makarantarsa, ya tafi yana murna. A kan wannan zan ce a saya.

Amma fa duk sanda na tuna tallan nan sai raina ya sake ɓaci. An rubuta ƙiri-ƙiri wai yana cin alminiyom. Yana ci, in ka yarda da irin cin da jinjiri ke yi wa rake. Moton da ke juya bit ɗin ƙarami ne, mai lamba 775, abin da ke riƙe da shi kuma roba ce. Sa yatsa ka tura bakin bit a hankali, za ka ga yana rangaji. A kan maɗaci ba ka lura, a kan ƙarfe kuwa sai karkarwa da ihu, gefen yankan ya fito kamar an gutsura. Sai ka riƙa shafto ɗan abin da bai kai kaurin takarda biyu ba a kowane zagaye, ka wuni kan abin da masu injin gaske a Panteka za su gama kafin ka sha shayi. Mai niyyar yin kayan gyaran babur ko wani abu na ƙarfe, kada ya bari a ruɗe shi, ya tara kuɗi ya nemi mai gangar jikin ƙarfe. Ga kuma ƙurar hunturu, tana haɗuwa da garin katako ta daskare a sandunan zare, in ba ka goge ka ɗiga mai ba sai ka ji yana tsallake taku, harafi ya karkace.

Sannan bit. Waɗanda suka zo a kwali masu tsini ne na zane kawai, ba sa yanka, kuma tsininsu na karyewa da ɗan kuskure kaɗan. Bakin da ke riƙe su ER11 ne, ƙugunsu milimita 3.175. Na zaga shagunan kayan aiki a Ahmadu Bello Way da cikin kasuwar Gumi, kowa sai ya miƙo min bakin dirila, in ce ba shi ba ne, a dube ni kamar na zo da rigima. Har yanzu sai na yi oda na jira. In akwai wanda ya san mai sayar da na yanka a cikin garin nan, don Allah ya yi min kwatance, saura guda ɗaya gare ni kuma akwai allon wani shago a Kawo da na karɓi kuɗinsa.