Doguwar bas ta dare daga Kano zuwa Legas, ga yadda na ganta

Masu tambayata a kan kamfanin bas ɗin nan da nake bi zuwa Legas sari, to gaskiya motarsu ba laifi. Kujera na kwanciya, akwai wajen cajin waya, direba baya gudun hauka kuma yana tsayawa a yi sallar asuba ba sai an yi ta rigima da shi ba. Inda suka gaza shi ne lokacin tashi, a ce maka la'asar sai bayan isha'i ana nan ana ɗora buhuna, ga kuɗin kaya babu tsayayyen farashi sai yadda yaran mota suka ga fuskarka.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai mutanen cikin motar ne. Yawanci samari ne 'yan ci-rani daga Jigawa da Katsina da ƙauyukan Kano, wasu kasuwar Mile 12 za su yi dako, wasu Agege, wasu gadi, wasu ma acaɓa suke yi kafin gwamnatin Legas ta hana a manyan unguwanni a 2022. Duk majiya ƙarfi, kuma ba son ransu bane barin gida, aikin ne babu. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, ka zagaya Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ka ga masana'antu nawa ne a kulle saboda rashin wuta. Shi kuma jari inda tashar ruwa take yake bi, ko Dangote ɗan Kano a Lekki ta Legas ya kafa matatar mansa, ni ban ga laifinsa ba tunda can jirgin ruwa ke tsayawa.

Abin da gwamnati za ta sa kuɗi ya rage wannan ratar ta Arewa da Kudu shi ke tafiyar hawainiya. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, a shekarar aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, bututun gas na AKK (daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) kuma tun 2020 aka fara shi ana cewa zai farfaɗo da masana'antunmu.

Duk mai niyyar bin motar ya yanki tikiti da safe, ya nemi kujerar gaba don ta baya akwai jijjiga sosai, ya riƙe ruwansa da abincinsa saboda na hanya tsada, sannan a gama cinikin kuɗin kaya kafin a sa su a but.