Rumbun MGI: Amfaninsa ga Mai Kiwon Ɓerayen Ado

A Ingila da Amurka kiwon ɓerayen ado tsohuwar sha'awa ce. Ƙungiyar masu kiwonsu ta Ingila, National Mouse Club, tun 1895 take. Abin da ya fi ɗaure wa masu kiwon kai shi ne launi: a haɗa baƙaƙe biyu, sai ga ɗa ruwan ƙasa. Rumbun bayanai na Mouse Genome Informatics, wato MGI, na cibiyar Jackson Laboratory da ke jihar Maine a Amurka, na daga cikin wuraren da ke warware wannan. Kyauta ne a intanet, da Turanci, kuma don masu bincike aka gina shi, ba don 'yan kiwo ba. Daga nan duk kyawunsa da wahalarsa suka samo asali.

Ana rubuta sunan ƙwayar gado (gene, abin da ɗa ke gadon siffa da shi daga iyaye) a akwatin nema, a shiga shafinta, sannan a buɗe jerin nau'o'inta. A tsaya kan waɗanda suka ɓullo da kansu, domin da yawa a jerin a ɗakin gwaji aka ƙirƙire su, babu su a kejin kowa. Sunaye biyar sun isa farawa: a, mai raba launin daji da baƙi, Tyrp1, mai mai da baƙi ruwan ƙasa, Myo5a, mai tsarma launi zuwa toka-toka, Oca2, mai kawo jan ido da kodewar gashi, sai Tyr, wadda ke kawo zabiya.

Inda rumbun ya fi cancantar yabo shi ne bayanin launukan da ke tafe da cuta. Nau'in rawaya da ake rubutawa Ay yana rinjaye, amma ɗan da ya gaje shi daga uwa da uba yana mutuwa tun a ciki. Shi ya sa rawaya da rawaya ke ba da biyu rawaya, ɗaya wani launi, maimakon uku da ɗaya, kuma 'ya'yan kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masanin kimiyya Bafaranshe Lucien Cuénot ya lura da wannan tun 1905. Waɗanda suka rayu kuma suna saurin yin teɓa, don haka a rage musu abinci mai maiƙo. Haka dabbare-dabbare: na Ednrb yana da nau'in da ke zuwa da kumburin babban hanji, domin ƙwayoyin launi da jijiyoyin hanji tushensu ɗaya a jikin tayi. Na Kit kuwa, idan ya haɗu ta ɓangare biyu, yakan kawo ƙarancin jini mai kisa. Wanda ya san wannan ba zai haɗa irin waɗannan biyu ba, kuma ran dabba ya fi kyan gashi muhimmanci.

Shafin kowace ƙwaya yana nuna kuromosom ɗin da take zaune, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai. Tyr da Oca2 duk suna kan na 7, kusa da juna, saboda haka sukan tafi tare, lissafin da aka yi a takarda ya ƙi fita daidai.

Babban cikas shi ne sunaye. Rumbun bai san sunayen filin gasa ba, su kansu sunayen kuma ba su daidaita ba: launin da 'yan Ingila ke kira dove, wato baƙin da ya koɗe, mai jan ido, wasu a Amurka lilac suke ce masa, su kuma ba wani launin sunan dove. Dole mai kiwo ya fara rubuta dabbarsa da alamomi, misali a/a p/p (baƙi daga uwa da uba, da p, alamar jan ido ta Oca2, ita ma daga su biyun), kafin ya shiga. Babu kuma na'urar lissafa sakamakon barbara. Wannan da hannu ake yi: don gane ko baƙin ɓera yana ɓoye ruwan ƙasa, a haɗa shi da mai b/b, wato mai launin ruwan ƙasa. Idan yana ɗauke da shi, kusan rabin 'ya'yan za su nuna. Idan bakwai suka fito duk baƙaƙe, yiwuwar kuskure 1 ne cikin 128. Da yake cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, amsa ba ta daɗewa.

Mai kiwon manyan ɓeraye (rats) ya yi hattara. MGI na ƙananan ɓeraye ne (mice); na manya shi ne Rat Genome Database a jihar Wisconsin. Alamar hula, mai launi a kai da zane a gadon baya, daga Kit take, amma ba ta aiki irin na ƙananan ɓeraye, don haka kada a kwafi hukunci daga wannan zuwa wancan. Sabon shiga zai fi samun sauƙi idan ya fara da littafin Willys Silvers na 1979 kan launukan ɓera, wanda MGI ya ajiye kyauta a shafinsa.