Sharhi: akwatin rage iskar oksijin na Billups-Rothenberg wajen renon guringuntsin gwiwa

Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Abincinsa da iskarsa galibi daga ruwan gaɓa suke tsattsafowa, don haka oksijin yana raguwa ne daga sama zuwa ƙasa: a saman guringuntsin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, can kusa da ƙashi kuwa yana sauka zuwa wajen kashi 1. To amma na'urar renon ƙwayoyin halitta da aka saba da ita a ɗakin gwaje-gwaje, mai ɗumin digiri 37 da kabon dayoksaid kashi 5, tana ba su oksijin wajen kashi 18 da rabi. Wato ana renon ƙwayar guringuntsi a cikin iskar da ba ta taɓa sani ba a jiki. Wannan giɓin ne akwatin Billups-Rothenberg, mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi, ya zo ya cike, kuma yana cike shi, amma sai a hannun wanda ya san halinsa.

Ƙirarsa ba ta da wani sarƙaƙiya. Gindi ne da murfi na roba mai ƙarfi da ake ganin ciki, da zoben roba mai laushi a tsakaninsu, da ɗamarar ƙarfe da ke matse su. Akwai tiyo biyu, na shiga da na fita, kowanne da abin matsewa, sai farantan da ake jera kwanonin reno a kai. Ba shi da lantarki kuma ba shi da ma'auni. Ana cika shi da iskar da aka riga aka gauraya a tukunyar gas, misali oksijin kashi 1, kabon dayoksaid kashi 5, naitirojin kashi 94, a rufe, a saka shi cikin na'urar reno ta yau da kullum.

Kafin a yanke masa hukunci sai an san abin da ake nema daga gare shi. A cikin ƙwayar akwai furotin da ake kira HIF-1α. Kullum ana ƙera shi, kuma muddin oksijin ya wadata, wasu sinadarai da ake kira PHD suna yi masa tambari, furotin VHL ya gane tambarin, a rushe shi. Da oksijin ya yi ƙasa sai tambarin ya gagara, HIF ya taru ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ƙwayoyin gado masu yawa. Gano wannan tsarin ne ya sa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka sami kyautar Nobel a 2019. A guringuntsi mai tasowa wannan batun rayuwa da mutuwa ne. A 2001 Ernestina Schipani da abokan aikinta sun cire HIF-1α daga guringuntsin girman ƙashi na ɓeraye, sai ƙwayoyin da ke tsakiya, inda oksijin ya fi ƙaranci, suka mutu. Ƙarancin oksijin yana kuma ɗaga furotin SOX9, wanda shi ke sa a ƙera kolajin nau'i na 2 da agirikan, su ne ke ba guringuntsi ƙarfin ɗaukar nauyi da riƙe ruwa. Ƙarancin yana kuma ɗaga sinadarin LOX mai ɗaure zaren kolajin da juna. Haka abin yake ga meniskus, faifan nan mai siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri: a jariri jijiyoyin jini sun ratsa kusan dukkansa, sai su riƙa ja da baya har su tsaya a bakin waje kawai, ciki kuwa ya rikiɗe ya ƙara kama da guringuntsi. Duk mai son ganin wannan sauyin a cikin kwano dole ya iya riƙe oksijin a ƙasa na makonni.

A nan akwatin yana da abin yabo na gaske. Tunda a rufe yake ruf, ko an buɗe ƙofar na'urar reno sau ashirin a yini bai dame shi ba, alhali na'urar reno mai sarrafa iska uku, wadda ke rage oksijin da kanta, tana rasa ƙarancin oksijin ɗinta duk sanda wani ya leƙa, ga kuma shan naitirojin. Ana iya jera akwati biyu ko uku a na'ura ɗaya, wannan a kashi 1, wancan a kashi 5, ga na kwatance a iskar ɗaki, duk a ɗumi guda. Ga mai kwatanta matakan oksijin wannan babbar riba ce.

Cikawar ita ce wurin da aka fi yin kuskure. A fara sa buɗaɗɗen kwano mai tsaftataccen ruwa, mililita 10 zuwa 20, domin iskar tukunya busasshiya ce ƙarau, in babu ruwan, ruwan renon zai ƙafe gishirinsa ya yi yawa. A duba zoben roba ya zauna daidai, babu gashi ko ƙura a kansa, sannan a ɗaure ɗamarar. A buɗe tiyo biyun duka, a saki iska lita 20 a minti na kimanin minti 4. Sai a kashe tukunyar tukuna, sannan a matse tiyoyin da sauri. Wanda ya matse na fita alhali iska na shiga ya tara matsi a ciki, kuma akwatin ba a yi shi don matsi ba, zoben zai iya gocewa. Ma'aunin gudun iska wajibi ne, da kunne ba a sanin lita 20. A ɗaure tukunyar a jikin bango, kuma a yi aikin a ɗaki mai shigar iska, don naitirojin ba ya wari, yana iya korar oksijin ɗin ɗakin ba a sani ba.

Babbar matsalar ita ce lambar da ke jikin tukunya ba ita ce abin da ƙwayar ke gani ba. Minti 4 ya isa ya canza iskar akwatin, amma ruwan reno yana ɗaukar awanni kafin ya saki oksijin ɗin da ya narke a cikinsa, kuma robar kwanon ita ma tana riƙe oksijin tana sakinsa a hankali. Don haka a sake cika akwatin bayan kamar awa ɗaya, kuma ruwan da za a yi canji da shi ya kwana a cikin akwati, murfin kwalbarsa a sassauce. Zurfin ruwan ma yana da tasiri: in ya wuce milimita 2 zuwa 3 a kan ƙwayoyi masu yawa, suna cinye oksijin fiye da yadda yake gangarowa. Abin ya fi tsanani a renon dunƙule, inda ake tara ƙwayoyi wajen 250,000 a gindin bututu mai mililita 15, a zuba musu TGF-β, furotin da ke sa su ƙera guringuntsi, nanogiram 10 a mililita, da dekzametason da bitamin C, a bar su kwana 21. Idan iskar waje kashi 1 ce, tsakiyar dunƙulen tana iya zama babu oksijin sam. Sai a yanka a tarar da matacciyar tsakiya, a ce ƙarancin oksijin ya kashe guringuntsi, alhali shaƙe shi aka yi. Ga dunƙule da kauraran yanka na meniskus, kashi 2 zuwa 5 ya fi hankali. A tuna kuma sinadaran da ke gyara kolajin kafin ya fita daga ƙwaya su ma da oksijin suke aiki, saboda haka raguwar tana da iyaka. Maganin pimonidazol, wanda ke maƙalewa inda oksijin ya yi ƙasa da kusan kashi 1, yana nuna ainihin abin da ke faruwa a cikin yankan.

Sai batun buɗewa, kuma wannan aibin ƙirar ne da babu dabarar da za ta kawar da shi gaba ɗaya. Ana canza ruwa sau biyu ko uku a mako, kuma duk sanda aka ɗaga murfi ƙwayoyin sun koma iskar ɗaki. HIF-1α yana raguwa da rabi cikin kamar minti 5 da dawowar oksijin. Ga mai auna kolajin da agirikan a ƙarshen makonni uku, wannan abin jurewa ne idan an shirya komai kafin a buɗe, aka yi sauri, aka kuma rubuta tsawon lokacin a rahoto. Ga mai auna furotin HIF kansa, dole ƙanƙara da ruwan fasa ƙwayoyi su kasance a gefen akwatin kafin a taɓa ɗamarar, in ba haka ba sakamakon zai fito fayau. Wanda aikinsa duka a kan HIF yake, gara ya nemi rufaffen teburin nan mai safar hannu da ake canza ruwa a ciki ba tare da an buɗe ba.

Ƙananan abubuwa biyu sukan ɓata aikin makonni. A ƙarancin oksijin ƙwayoyin suna ƙara cin sukari suna zubar da tsami, sai a ga jan ruwan ya koma ɗorawa da wuri. Ruwa mai sukari giram 4.5 a lita yana hana sukarin ƙarewa, yawaita canji kuma yana rage tsamin. Kuma ƙwayar gadon GAPDH, da mutane suka saba ɗauka a matsayin ma'aunin da ba ya motsi idan ana auna aikin ƙwayoyin gado, yana cikin waɗanda HIF ke ɗagawa, don haka a zaɓi wani a gwada tsayuwarsa tukuna.

Rashin ma'aunin oksijin a cikin ainihin akwatin shi ne abin da ya fi cancantar kuka. Zoben roba da ya tsufa ko tiyon da ya tsage ba sa yin ƙara, oksijin zai riƙa saɗaɗowa har kwana uku ba wanda ya sani. Duk wanda zai saya ya haɗa da ƙaramin ma'auni mai ajiye bayanai da za a kwantar a ciki, da zoben roba na ajiya. Kafin a sa ƙwaya ko ɗaya, a cika akwatin babu komai a ciki, a bar shi awa 72 a digiri 37, a duba ko lambar ta tsaya.