Inda aka gano min abin da ke cinye tayoyin motata a Katsina

Bas ce Hiace na mayar da ita ɗakin kwana, na sa gado da ɗan firji da tankin ruwa mai lita 200, saboda yawon kasuwannin Mai'aduwa da Daura da Jibiya. Taya biyu na canza a gaba cikin wata takwas, kuma duk gefen ciki suke suɗewa, gefen waje kamar jiya aka sayo. Mai facin da na saba zuwa iska kawai yake ƙara min, ya ce laifin hanya ne.

Wani direba ne ya kwatanta min wani mai gyaran ƙafar mota a wajen Ƙofar Ƙaura. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa na'ura ba sai da ya durƙusa ya shafa tayar gaba da tafin hannunsa. Ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, shafa ka ji." Ta wannan ɓarin sumul, in ka dawo da hannu sai ka ji kaifi kamar haƙoran zarto. Ya ce tayoyin ba sa kallon gaba sak, ja da ƙasa suke yi. Da ya ɗaga motar a jak ya girgiza tayar zuwa hagu da dama, ni ma na ji ƙwas-ƙwas ɗin tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Ya ce in an yi alaimen, wato saita tayoyin su daidaita, ba a canza shi ba, asarar kuɗi ce, saitin ba zai zauna ba.

Tayar baya ta hagu kuwa gefe biyu ta ci, tsakiya na nan. Wannan ƙarancin iska ne da nauyi, inji shi, sai ya leƙa ciki ya ga tankin da batir duk a ɓari ɗaya. Lita 200 kilo 200 ke nan a kan taya guda, ban taɓa lissafa shi haka ba wallahi. Ya ce in raba kayan, in riƙa auna iska da sassafe kafin taya ta ɗau zafi. Ya kuma nuna min lambar 1418 a jikinta, wato mako na 14 na shekarar 2018 aka yi ta. 'Yar gwanjo ce, tsufa ya riga ya tsattsaga gefenta.

Wurin dai ba wajen zama, awa uku na yi a kan benci cikin rana, kuma sai da aka jira janareta kafin na'urar ta tashi. Wannan ya kamata su gyara.

Amma yana sayar da taya, bai ce in saya ba sai da aka gama gyaran. Yanzu wata huɗu ke nan ina bin hanyar Mashi zuwa Daura, sitiyari ya daina ja, kuma duk Juma'a ina shafa tayoyin yadda ya koya min, ban ji kaifin ba.