Maɗaba'ar da ta buga mana waƙoƙin Baba: aiki ya yi kyau, alƙawari ne da saura

Na kai wa wata maɗaba'a a Kano aikin buga waƙoƙin wa'azi na marigayi mahaifinmu, kwafi 500. Tunda 'yan uwa marubuta na ta tambayata yadda muka kwashe da su, ga abin da na gani.

Manajan bai yi mini rufa-rufa a kan kuɗi ba. Ya ce, "Alhaji, in kwafi hamsin kake so, injin dijital ya ishe ka. Amma ɗari biyar sai babban inji." Wani tsohon Heidelberg ne ƙirar Jamus, mai aiki da faranti. Sai an fitar wa kowane launi farantinsa, shi ya sa bango mai kala ke cin huɗu, cikin littafi kuwa baƙi kaɗai. Kuɗin farantin nan ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu, don haka yawan kwafi ne ke sauko da farashin kowane littafi. Ya kuma nuna mini cewa a babbar takarda ake bugawa, a naɗe ta ta ba da shafi 16. Namu ya tsaya a 150, sai ya ba da shawarar a cike shi zuwa 160 da hotunan rubutun Baba na ajami maimakon a bar shafuka fayau. Wannan shawarar kaɗai ta biya ni, domin can masu karatu ke fara buɗewa.

Inda ya kamata marubucin Hausa ya buɗe ido shi ne kwafin gwaji. A na farko duk haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun koma 'yan akwatuna, saboda kwamfutarsu ba ta da salon harafin da aka buga rubutun da shi. Da muka mayar da shi PDF sai matsalar ta kau. Su dai ba sa gyaran rubutu, abin da ka sa wa hannu shi za su buga.

Takarda mai giram 70 muka ɗauka, bango mai giram 300 da leda a kansa. Na ƙara kuɗi aka ɗinke littafin kafin a sa gam, don na sha ganin littattafan da gam kaɗai ya riƙe suna zubar da shafuka. Tawada ta zauna sosai, ba ta leƙa bayan shafi.

Sai maganar lokaci. Ranar da suka sa ta wuce, ta sake wucewa. Yau babu wuta, gobe man janareto, alhali da idona na ga masu kalanda da katin biki suna tsallake layi. Ko a waya ba wanda ya kira ya ba ni haƙuri. Wasu kwafin kuma injin yanka ya karkata su, amma an canza mini ba gardama.

Zan koma wurinsu, sai dai ba zan sa ranar ƙaddamarwa ba sai kwalayen sun shigo gida. Mai niyya ya nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa tun kafin a tsara bango, kuma ya ba da kafin alƙalami da wuri a sayi takarda, don farashinta dala yake bi.